RenderDoc: Manhajar da ke Nuna Abin da Katin Zane Ya Karɓa, da Ƙofofin da Take Buɗewa

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar kwamfuta mai zana hoto ya san takaicin baƙin allo. Manhaja ta tashi lafiya, taga ta buɗe, babu saƙon kuskure ko ɗaya, amma cikin tagar wayam, sai duhu. A sauran fannonin rubutun manhaja mutum yana iya tsayar da aiki a kowane layi ya leƙa abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma da zarar umarnin zane ya bar hannunsa ya shiga direba, wato manhajar da ke isar da umarni ga na'ura, daga can ya wuce katin zane, ɓangaren kwamfutar da ke fitar da hoto a allo, to ya shiga ɗakin da ba shi da taga. Abin da ya rage wa mai rubutun shi ne shaci-faɗi: ya canza wannan layi ya gwada, ya mayar da shi ya canza wancan, har dare ya raba. Na daɗe ina wannan lalube kafin in mayar da RenderDoc abokiyar aikina ta kullum, kuma abin da zan faɗa a nan ya fito ne daga amfani da ita wajen gyaran wata manhaja da nake rubutawa mai nuna taswirar gine-gine.

RenderDoc manhaja ce ta kyauta da Baldur Karlsson ya fara rubutawa a 2012 lokacin da yake aiki a Crytek, kamfanin wasannin kwamfuta na ƙasar Jamus. An sake ta ga jama'a a 2014, kuma a shekarar aka buɗe rubutunta ƙarƙashin lasisin MIT, wato kowa yana iya karanta yadda aka gina ta, ya gyara, ya yi amfani da ita a aikin kasuwanci ba tare da neman izini ba. A cikin tsare-tsaren da manhajoji ke bi wajen aika umarni ga katin zane, ta fara ne da Direct3D 11 kaɗai, daga baya ta karɓi OpenGL, sannan Vulkan tun fitowarsa a watan Fabrairun 2016, sai kuma Direct3D 12. Siga ta 1.0 ta fito a 2018 da sabuwar fuska da aka gina a kan Qt, wani kayan gina tagogin manhaja, wadda ta sa kamanninta suka zama ɗaya a Windows da Linux, tare da damar binciken manhajojin Android.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana ba ta sunan manhajar da ake son bincike, ita ce za ta tayar da ita, ta kuma tsaya a tsakaninta da direban katin zane tana sauraron duk umarnin da ke wucewa. A kusurwar hagu ta saman tagar wani ɗan rubutu yana bayyana mai nuna cewa ta shiga, kuma idan aka danna F12 ko maɓallin ɗaukar hoton allo sai ta kama firam guda cur, wato ɗaya daga cikin hotunan da manhaja ke zanawa a jere, ta adana shi a fayil mai ƙarewa da .rdc. Firam ɗin da a gudun sittin cikin daƙiƙa ba ya wuce kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa a gaban ido, yanzu ya tsaya cak, ana iya kwance shi umarni bayan umarni, a koma baya, a dawo gaba, a ga yadda hoton yake kafin kowane zane da kuma bayansa. Ba hoton allo take ɗauka ba. Tana adana umarnin ne da duk kayan da suka yi amfani da su, sannan ta sake kunna su a kan katin zane duk lokacin da aka zaɓi wani mataki.

Ranar da na fara ganin amfaninta sosai ita ce ranar da nake mayar da manhajata daga OpenGL zuwa Vulkan. Tsarin biyu sun saɓa a kan inda sama take: a OpenGL ma'aunin tsaye yana ƙaruwa ne zuwa sama, a Vulkan kuwa zuwa ƙasa, don haka taswirata ta fara fitowa a kife. Na juya alamar lamba ɗaya a cikin lissafin hangen nesa domin in miƙar da ita, na sake tayar da manhaja, sai taswirar ta ɓace ɗungurungum. Na duba lissafin sau uku ban ga aibinsa ba. Da na kama firam, jerin umarnin da ke gefen hagu ya nuna cewa an aika zanen, ba a tsallake shi ba. Tagar siffofi ta nuna kusurwoyin taswirar kafin su shiga ƙaramar manhajar da ke sarrafa su a kan kati da kuma bayan sun fito, kuma dukkansu suna zaune daram a cikin iyakar abin da ido zai gani. To ina hoton ya tafi? A tagar kallon hotuna akwai wasu mayafai da ake shimfiɗawa a kan sakamako, kowanne yana gwada mataki ɗaya, yana shafa kore a inda zane ya tsallake gwaji, ja a inda ya faɗi. Mayafin gwajin zurfi, wanda ke duba ko wani abu ya tare zane ta gaba, bai nuna wata matsala ba. Da na zaɓi na watsar da bayan siffa, sai ga taswirata gaba ɗayanta, jawur.

Dalilin shi ne katin zane, wanda da alwatikoki yake gina siffofi, yana gane fuskar alwatika da bayanta ne ta hanyar yadda kusurwoyinta uku suka zagaya, ko bin hannun agogo ko saɓaninsa, kuma yana jefar da waɗanda suka juya baya domin rage aiki. Da na kifar da ma'aunin tsaye, zagayen kowace alwatika ya juye, kati ya ɗauka dukkansu baya suka ba shi, ya zubar da su. Da a ce siffa ce mai kauri da na ga cikinta a maimakon wajenta in yi zargin wani abu, amma taswira shimfiɗaɗɗiya ce, fuska ɗaya gare ta. Gyaran kalma ɗaya ce a wurin da ake faɗa wa Vulkan wane zagaye ne fuska. Daga danna F12 zuwa gano bakin zaren bai kai minti goma ba, alhali na riga na ɓata rabin yini ina zargin lissafin da ba shi da laifi.

Matsala ta biyu ta fi wannan wayo, domin hoto ya fito, sai dai komai ya rine ya koma rawaya. Ina aika wa kati bayanin haske ne a ƙunshi ɗaya: lambobi uku na alkiblar da haske yake fitowa, sai lambobi uku na launinsa, wato ja da kore da shuɗi. A cikin rubutuna na yaren kwamfuta na C++ launin shi ne 1.0 da 0.9 da 0.8, fari mai ɗan ɗumi. Tagar da ke nuna halin da bututun zane, wato matakan da zane yake bi a cikin kati, yake ciki tana ba da damar buɗe irin wannan ƙunshi a ga lambobin kamar yadda kati ya karanta su, ba kamar yadda aka yi niyya ba, kuma abin da na gani a gurbin launi shi ne 0.9 da 0.8 da sifili. Kowace lamba ta zame gurbi ɗaya. Ƙa'idar jera bayanai da ake kira std140 tana buƙatar kowane rukunin lambobi uku ya fara a kan ninkin bayit 16 (bayit shi ne ma'aunin girman bayanai), alhali a C++ lambobi ukun bayit 12 suke ci, na gaba ya manne musu. Kati ya tsallake bayit huɗu yana neman farkon launi, ya rasa ja, ya ɗauki kore a matsayinsa, ya ɗauki shuɗi a matsayin kore, ya cike gurbin shuɗi da abin da ya tarar. Hasken da ba shi da shuɗi kuwa rawaya ne. Na san wannan ƙa'ida a karatu tun da daɗewa, amma gani ya kori ji, kuma ban ƙara mantawa da ita ba.

Abin da na fi yabawa a cikinta shi ne tarihin ɗigo. Ana zaɓar ɗigo ɗaya tak a kan hoton, sai ta jero duk umarnin da ya taɓa shi tun daga farkon firam, da launin da ya tarar, da wanda ya bari, da kuma dalilin da ya sa aka ƙi wani idan an ƙi shi. Daga nan ana iya shiga cikin ƙaramar manhajar da ta lissafa launin wannan ɗigo a bi ta layi-layi ana kallon yadda lambobi ke canzawa. Sai dai wannan alheri yana da sharaɗi: dole ne a haɗa ƙananan manhajojin da bayanan bincike a cikinsu, in ba haka ba abin da za a gani shi ne fassarar na'ura mai sunayen da ba sa tuna wa mutum komai. Haka kuma wanda bai raɗa wa kayan zanensa suna ba zai tarar da jerin hotuna da ma'ajiyoyi masu lambobi kawai, ya yi ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana neman nasa. Vulkan da OpenGL da Direct3D duk suna da hanyar raɗa suna da ta raba firam zuwa sassa masu take, kuma awa ɗaya da aka kashe a kan wannan tana sauya yadda ake karanta kowane kamu daga baya.

Tana da iyakoki, kuma masu ita ba su ɓoye su ba. A OpenGL tana karɓar tsarin zamani ne kawai, daga siga ta 3.2 zuwa sama, don haka wanda ya gaji tsohuwar manhaja mai zane da tsofaffin umarnin glBegin da glEnd, irin waɗanda har yanzu suke cike da ofisoshin injiniyoyi da ɗakunan bincike, ba zai amfana da ita ba sai ya sabunta rubutunsa. Ba ta aiki da Direct3D 9, ba ta kuma aiki da Metal na kamfanin Apple. Tana iya nuna kimanin lokacin da kowane zane ya ci, amma ba don awon gudu aka yi ta ba, kuma mai neman dalilin jinkiri gara ya nufi kayan da masu ƙera kati da masu tsarin suka tanada, irin su Nsight na NVIDIA, ko Radeon GPU Profiler na AMD, ko PIX na Microsoft. Sannan firam guda take kamawa, ko 'yan kaɗan a jere, wanda ke nufin kuskuren da ke walƙawa sau ɗaya a cikin minti biyar ba ya kamuwa da saurin yatsa. Maganin wannan shi ne fayil ɗin renderdoc_app.h, wanda ke ba manhaja damar ta ce da kanta a fara kamu a nan a tsaya a can, lokacin da ta lura da alamar da ake nema. Fuskarta ma tana iya razana sabon shiga, domin tagogi ne birjik cike da alƙaluma, kuma ba ta koyar da yadda katin zane yake aiki. Tana ɗauka cewa mai amfani da ita ya riga ya sani.

Ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, wanda kuma a ganina ya fi cancantar a tsaya a kansa, shi ne na sadarwa. Kamun da aka yi a kan wani kati ba lallai ne ya kunnu daidai a kan wani daban ba, musamman a Vulkan da Direct3D 12 inda manhaja take mu'amala da kati kusa da kusa. Saboda haka RenderDoc ta tanadi hanyar da za a bar kamu da sake kunnawa a kan kwamfutar da matsalar take, mai bincike kuma ya zauna a gaban tasa yana kallo ta hanyar sadarwa. Na buƙaci wannan lokacin da wasu ƙazaman layuka suka riƙa bayyana a gefen taswira a kan kwamfutar gwaji mai Linux, alhali a tawa hoton tsaf yake.

Na tayar da sabar RenderDoc, wato ɓangarenta da ke jiran kira daga wata kwamfuta, a can da umarnin renderdoccmd remoteserver, na dawo na rubuta adireshinta a tawa, sai shiru. A nan ne sanin bambancin shiru biyu yake da amfani ga duk mai binciken sadarwa. Idan aka ƙi kira nan take, wanda Windows ke ba lamba 10061, ma'anarsa kwamfutar can ta amsa ta ce babu mai jira a wannan ƙofa, wato lambar da manhaja take sauraron kira ta cikinta. Idan kuwa kiran ya daɗe yana jira har wa'adinsa ya cika, mai lamba 10060, galibi wata katangar tsaro ce a hanya take haɗiye saƙon ba tare da ta ce uffan ba. Nawa irin na biyu ne. Umarnin ss -ltn, mai jera ƙofofin da ke sauraro, a kan kwamfutar gwaji ya tabbatar da cewa sabar tana zaune tana jira a ƙofa ta 39920, don haka laifin ba nata ba ne, na katangar da ni da kaina na kafa watanni da suka wuce na manta ne. Na buɗe ƙofar, haɗi ya tabbata, na tayar da manhajata daga nesa, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin tagar da ake danna kamu ta kasa samun manhajar. Ashe ƙofofin iri biyu ne. Ta 39920 ta sabar ce, amma kowace manhaja da RenderDoc ta shiga cikinta tana buɗe tata ƙofar a tsakanin 38920 da 38927, kuma ta nan ake ba ta umarnin kamu. Wajibi ne kuma sigar da ke ɓangarorin biyu ta zama ɗaya, in ba haka ba za su ga juna amma su ƙi gaisawa.

Wannan bayani na ƙarshe game da ƙofofi ya kamata ya sa mutum ya ɗan dakata. Ma'anarsa ita ce ko da bai taɓa tayar da saba ba, duk lokacin da yake binciken manhajarsa a kan kwamfutarsa akwai ƙofar da ke sauraro, kuma wannan ne dalilin da ya sa katangar Windows take tambayar izini a karon farko. Mutane da yawa suna danna amincewa ba tare da sun duba ko sun ba da izinin a kan hanyar sadarwa ta cikin gida ba ce ko ta jama'a. Ita kuwa sabar, aikinta ya haɗa da tayar da duk manhajar da mai kira ya nema, kuma ba ta tambayar kalmar sirri. Abin da take dubawa shi ne adireshin da kiran ya fito. Idan ba a gaya mata komai ba, tana karɓar duk wanda ya fito daga rukunan adireshi uku da aka keɓe wa hanyoyin sadarwa na cikin gida tun 1996, wato masu farawa da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da masu farawa da 192.168. A ɗakin mutum ɗaya wannan ba laifi. Amma a babbar ma'aikata ko makaranta inda ɗaruruwan na'urori suke cikin rukuni ɗaya, har da wayoyin baƙi, kalmar cikin gida ba ta da wata ma'ana ta tsaro.

An tanadi magani, sai dai mutum ne zai neme shi. Akwai fayil mai suna remoteserver.conf da ake ajiyewa a jakar saitunan RenderDoc, inda layi mai farawa da whitelist yake taƙaita adireshin da za a saurara, layin noexec kuma yake hana sabar tayar da kowace manhaja, ta tsaya a sake kunna kamu kawai. Ni na rubuta adireshin kwamfutata kaɗai a ciki, na kuma maimaita wannan taƙaitawa a katangar tsaro a kan ƙofofin duka, domin fayil ɗin sabar yake karewa, ba ƙofofin da manhajar da ake bincike take buɗewa ba. Wanda zai ƙetare intanet kuwa kada ya kuskura ya buɗe waɗannan ƙofofi ga duniya; ya bi da su ta cikin ramin SSH, wanda ke ɓoye saƙo a hanya, ko ta keɓantacciyar hanyar ma'aikatarsa. Ba tsoro ne marar tushe ba. A watan Yunin 2023 masu binciken tsaro na kamfanin Qualys sun bayyana raunuka uku a cikin RenderDoc har zuwa siga ta 1.26, biyu daga cikinsu ana iya kai musu ta hanyar sadarwa, kuma an toshe su a siga ta 1.27. An yi gyaran kamar yadda ya kamata, amma rumbunan manhajoji na wasu tsare-tsaren Linux sukan daɗe riƙe da tsohuwar siga, don haka yana da kyau mutum ya duba lambar tasa. Da za a tambaye ni abu ɗaya da zan so a canza, zan ce sabar ta fara a kulle, ta ƙi kowa sai wanda aka ambata, maimakon ta fara da amincewa da maƙwabta.

Bayan duk wannan hidima na kama firam ɗin daga nesa na buɗe shi. A farkon wani sashe na zane, hoton da nake zana gefen taswira a kansa ya fito lulluɓe da wani rubutu mai maimaita kansa, wanda RenderDoc take shafawa da gangan a duk inda manhaja ta gaya wa kati cewa ba ta damu da abin da ke ciki ba. Ni na rubuta hakan da hannuna, na ce wa Vulkan kada ya wahalar da kansa wajen riƙe tsohon abin da ke cikin hoton, sannan na zana rabinsa kawai ina sa ran sauran rabin zai zauna yadda yake. Katina yana barin tsohon abin a wurinsa, shi ya sa ban taɓa ganin matsalar ba, na kwamfutar gwaji kuwa ya ɗauke ni a kan maganata ya bar tarkace. Sai da na gyara layin na tabbatar layukan sun ɓace sannan wani tunani ya zo mini, na kama firam a kan kwamfutata, da tsohon rubutun manhajata na kafin gyara, ba tare da wata sadarwa ba. Rubutun nan mai maimaita kansa yana nan a wuri ɗaya, ɓaro-ɓaro, yana jirana tun ranar farko. Na koma kwamfutar gwaji na kashe sabar, na share dokokin da na ƙara wa katanga, na sake buga ss -ltn, ƙofa ta 39920 ba ta cikin jerin.